Mako na uku da kilam mita: abin da wayoyin ruwan ɗorawa suka nuna min

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo.

Makon jiya na gaya muku duk inda na matse bakin kilam mita, wato mitar da ake maƙalawa a kan waya don auna amfiyar da ke bi ta cikinta, a cikin kwamfutata sifili take ba ni, har na fara zargin ta lalace. Ashe lafiyarta ƙalau. Abubuwa biyu ne suka haɗu, kuma na san wasunku za su ci karo da su.

Na farko, damin wayoyin nake kamawa gaba ɗaya. Ita wannan mita ba ta taɓa ƙarfen waya, ƙarfin maganaɗisun da ke zagaye da wayar take ji. Idan ka haɗa wayar da ke kai wuta da baƙar da ke dawo da ita a baki ɗaya, maganaɗisun wannan ya kashe na waccan, sai allo ya nuna babu komai. Na biyu, mitar da na aro wajen wani mai wayarin gida ta AC ce zalla, wato irin wutar bango, alhali duk abin da ke fitowa daga fawa saflai (akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta) zuwa madabod (babban allon da sassan ke zaune a kai) DC ne, wato irin wutar batir. Sai mita mai ɗan na'urar da ke aiki da abin da Edwin Hall ya gano a 1879 take iya karanta shi. Na sayi UT210E ta kamfanin Uni-T, mai matakin amfiya 2, 20 da 100. Kafin ka biya kuɗi ka tabbatar an rubuta DC a gefen amfiya, don da yawa DC ɗinsu na bolt ne kawai.

Launukan wayoyin sun zauna min yanzu: ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙi kuma hanyar dawowa. A kwamfutar zamani nauyin kusan duka yana kan bolt 12, shi ya sa can na tare.

Maɓallin sifili, wanda ake dannawa a mayar da lambar mitar sifili kafin awo, ya ba ni wahala kwana biyu. Dole ka kai mitar daidai wurin da za ka auna, ka riƙe ta yadda za ta tsaya, baki a rufe babu waya a ciki, sannan ka danna. Da ka juya hannu lambar ta ɗan gusa, domin har maganaɗisun ƙasa tana ji. In kuwa ta ba ka alamar ragi, juya bakin kawai za ka yi.

Na fara da filogin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai ƙafa 8. Na ware ruwan ɗorawa huɗun a hankali, na haɗa su a baki ɗaya. Kwamfuta tana zaune, amfiya 1.5. Da na ba ta aikin haɗa bidiyo ta haura 7.8, wato wajen wat 94 idan ka ninka da 12.

Katin hoto, wato sashen da ke fitar da hoto zuwa allon kwamfuta, shi ne ya tsayar da ni. Filoginsa mai ƙafa 8 an tsara shi don wat 150, wato amfiya 12.5, kuma wayoyi uku ne ke raba wannan kayan. Jimillarsu ta ba ni 11, babu abin zargi. Har na miƙa hannu zan rufe akwatin, sai na ce bari in auna su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko 5.1, ta biyu 4.8, ta uku 1.1. Gabana ya faɗi. Na sake sifili, na maimaita, haka dai. Na kashe wuta, na zare filogin, na haska da tocila: ƙafar ta uku ta ja baya cikin roba, da ƙyar take taɓawa, 'yan'uwanta biyu ke ɗauke da kayanta. Da jimilla na tsaya a kai, da ban taɓa sani ba, kuma kwamfutar ba ta taɓa nuna wata alama ba.

Wannan ya sa na fahimci abin da aka yi ta magana a kai a 2022, lokacin da sabon filogin katin hoto na RTX 4090 ya riƙa narkewa a hannun wasu. An yi shi don wat 600 a kan wayoyi shida, amfiya 50 ke nan, kowace waya takwas da ɗan ɗoriya. A irin wannan nauyi, ƙafa ɗaya ta ƙi zama da kyau, zafi ya taru a wurin.

Na canza kebul ɗin da na biyu da ya zo cikin kwalin fawa saflai ɗin. Kada ku ɗauko na wani kamfani ko da bakin ya shiga, jerin ƙafafun ba ɗaya ba ne, yana iya ƙona kati. Yanzu 3.8, 3.7 da 3.5 nake samu.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni ko zai iya buɗe fawa saflai ya auna daga ciki. Don Allah kada ka yi. Manyan kafasitocin ciki, wato sassan da ke ajiye caji, suna riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya ci gaba da riƙewa bayan ka zare filogi daga bango. Duk abin da na auna daga waje na auna shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan koma ɓangaren bango don in san abin da inbatata ke ɗauka. Sai na samu gajeren kebul da aka ware wayoyinsa uku ba tare da an feɗe robarsu ba, kuma shi nake nema yanzu.