Harsashi Biyu Kacal: Inda Na Kai a Koyon Harbin Kurciya

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau mako bakwai ke nan da na fara fita harbin kurciya da bindiga mai baki biyu, kuma sai yanzu ɗan littafin da nake rubuta lissafina ya fara nuna abin da zan iya faɗa a gaban mutane. Fitar farko na ƙona harsashi 25, na dawo da kurciya 2, kuma tsakanina da Allah ɗaya daga ciki ba ita na saita ba, ta gabanta na saita, ita ta faɗo. Fitar ƙarshe, harsashi 19, kurciya 7. Gwanaye za su yi murmushi, amma ku da muke aji ɗaya kun san abin da ke tsakanin lissafin nan biyu.

Bari in fara da ita bindigar, don da yawanku kun tambaya. Tsohuwa ce ƙirar Ingila, geji 12, bututunta biyu a jere kafaɗa da kafaɗa, ba irin ta ɗaya bisa ɗaya ba. Kunama biyu gare ta. Ba ta da guduma a waje. Cikinta tsarin nan ne da Anson da Deeley suka fito da shi a 1875 lokacin suna aiki a kamfanin Westley Richards na birnin Birmingham, inda karya bindigar da kake yi don zuba harsashi shi ne ke ɗana ta. Shekara ɗari da hamsin ke nan ana ƙera bindigogi a kan wannan tsari, kuma in ka buɗe ka ga ƙarancin ƙarafan da ke ciki za ka gane dalili. Geji kuwa lissafi ne na mutanen da: in aka raba fam ɗaya na dalma zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bututun, wato wajen milimita 18.5. Shi ya sa geji 20 ya fi geji 12 ƙanƙanta, abin da ya daɗe yana rikita ni.

Kafin in harba ko sau ɗaya na kai ta wurin maƙerin bindiga, kuma wannan ce dabara mafi amfani da na yi tun da na fara. Ya auna ɗakin harsashinta ya ce milimita 65 ne, inci biyu da rabi, kamar yawancin tsofaffin bindigogin Ingila. Ni kuwa na riga na tanadi harsasan milimita 70. Abin tsoron shi ne harsashin 70 yana shiga ɗakin 65 sumul, bindiga ta rufu ba gardama, domin tsawon da ake rubutawa na kwanson ne bayan ya buɗe. Sai an harba ne bakin kwanson zai rasa wurin buɗewa, ƙarfin iskar albarushi ya haura abin da aka gwada bindigar a kai. Ya juya bututun ya nuna mini tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa tun 1813, ya kuma tabbatar mini ƙarfen gangariya ne, ba irin murɗaɗɗen nan mai zane da ake kira Damaskas ba, wanda bai kamata a zuba wa albarushin zamani ba sai masani ya duba. Ya ƙara da gargaɗi kan ƙwayoyin cikin harsashi, in na ƙarfe ne ba na dalma ba: suna iya kumbura bakin tsohon bututu mai matsi. Inda doka ta hana dalma, sai a nemi na bismut, wani ƙarfe mai laushi. Duk wanda ya gaji bindiga ko ya sayi ta hannu, don Allah ya fara da wannan.

Mako biyu na farko laifi nake ɗora wa bindiga. Na ce ta yi nauyi, na ce faɗin bututu biyu yana tare mini tsuntsu, har na fara tunanin in sayar da ita in nemi mai cin harsashi da yawa. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin gwaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka taɓa harbin takarda da ita?" Ban taɓa ba. Muka kafa babbar takarda a yadi 40, muka zana da'ira mai faɗin inci 30, na harba bututun dama. Sabuwar takarda, na harba na hagu. Sai ƙirga huda. Harsashin lamba 8 (lambar girman ƙwayoyin ke nan) mai oza ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi wajen 410. Na dama ya zuba kusan rabinsu cikin da'irar, na hagu ya haura kashi 65 cikin ɗari. Ma'ana bakin dama a sake yake, don tsuntsun kusa, na hagu kuma matsattse ne, don na nesa. Wannan matsin baki, wanda W. W. Greener ya yi suna da shi a shekarun 1870, 'yar tsukewa ce da ido ba ya ko gani sosai, amma ita ke yanke yadda ƙwayoyin za su watsu. Duka bututun biyu sun zuba a wuri ɗaya, tsakiyar takarda. Bindiga dai ta wanke kanta.

Sai ya matso da ni yadi 16, ya ce kada in saita, in kalli ɗigon da ke tsakiya kawai, in ɗaga in harba kamar tsuntsu ne ya taso. Sau biyar na yi, sau biyar ƙwayoyin suna taruwa hagu da ɗigon. Ya sa na miƙa hannu na nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanuna biyu a buɗe, sannan in rufe ɗaya bayan ɗaya. Da na rufe na hagu, yatsana ya yi tsalle ya bar abin. Ashe da kafaɗar dama nake harbi amma idon hagu ne ke jan ragama. Shekara nawa ina yawo da idanun nan ban san wannan ba! Maganin da muka yi ɗan ƙaramin abu ne: ɗigon salatif mai duhu-duhu a kan gilashin kariya, daidai inda idon hagu ke hango bakin bindiga. Ina ganin tsuntsu da ido biyu yana tahowa, da kumatuna ya kwanta a kan katakon gindin bindiga sai idon dama ya karɓi aiki. Wasu sukan koma harbi da kafaɗar hagu gaba ɗaya, kuma ga wanda bai riga ya saba ba ina jin hakan ya fi. Ni dai jikina ya ƙi.

Wannan ya gyara hagu da dama. Bai gyara babbar cutar ba, wato harbin baya.

Ku zauna ku yi lissafin da kanku, don ni sai da na yi shi a takarda sannan na yarda. Ƙwayoyi suna barin baki da gudun wajen mita 365 a daƙiƙa, amma iska na rage musu gudu nan da nan, don haka kafin su kai mita 30 sun ci kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Kurciyar da ke gilmawa da gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. A ɗan wannan lokacin ta yi gaba da abin da ya kusa mita biyu. Kuma wannan matsakaicin gudu ne; kurciyar Amurka mai dogon wutsiya takan kai kilomita 88 a awa. To wanda ya saita jikinta ya ja kunama, iskar da ta bari ya harba. Na san wannan a ka tun makon farko. Abin da ban sani ba shi ne ina tsayar da bindiga daidai lokacin jan kunama. Zan bi tsuntsu da kyau, in wuce shi, sai zuciya ta ce "duba ko ratar ta isa", idona ya sauko kan bututu, hannu ya tsaya cak, tsuntsu ya wuce abinsa. Faɗin bututu biyun nan da nake zargi ba ya tare komai. Ni ne nake kallonsa.

Abin da ya taimake ni shi ne koyarwar Robert Churchill, maƙerin bindigar nan na Landan da aka sani da gajerun bututu masu inci 25. A taƙaice: ido a kan tsuntsu kaɗai, jiki ya fara juyawa da shi tun bindiga tana ƙasa da kafaɗa, katako ya taɓa kumatu, harbi ya tashi ba jinkiri. Ban ce na bi tsarinsa duka ba, kuma a kan tsuntsun da ya wuce mita 35 har yanzu sai na ga rata da idona nake samu. Amma kallon kan kurciya maimakon jikinta gaba ɗaya, da barin bindiga ta ci gaba da tafiya bayan ƙara ta tashi, su suka ɗaga lissafina daga 2 zuwa 5 a mako na biyar. Kowane dare kuma ina ɗaga bindiga sau talatin a ɗaki, bayan na buɗe na leƙa bututu biyu na ga haske, ina bin layin da bango ya haɗu da rufi. Aikin gundura ne, amma yanzu katakon yana zuwa wuri ɗaya a kumatuna ko ban yi tunani ba.

Kunama biyu ta ba ni wahala fiye da yadda na zata. Ta gaba ce ke tayar da bututun dama, ta baya na hagu. Sau uku a fitar farko na harba na farko, na sake matsa kunamar gaba ina mamakin shirun. Daga baya kuma na gano daɗinta. Kurciyar da ke tahowa kaina daga nesa, da ta baya nake fara mata, matsattsen baki, in ta matso in bi da na dama mai faɗi. Wadda ta taso kusa tana gudu kuwa, gaba sannan baya. Babu maɓallin da za ka tsaya lalube, yatsa ne kawai ke zamewa. Shawara ɗaya: da kan yatsa ake taɓa ta, kuma kada ka taɓa sa yatsu biyu a kan kunama biyu, don bugun na farko zai tayar da na biyu. Ɗan yatsana na tsakiya kuma ya kumbura saboda dukan ƙarfen da ke kare kunama, har sai da na gyara riƙo na ja hannu baya kaɗan.

Amma in kun tambaye ni abin da ya fi canza lissafin, harsasan da na daina harbawa ne. A da, garke na tahowa sai in harba tsakiyarsa ina fatan sa'a, in kuma na kuskure sai in aika na biyu bayan wutsiyar da ta riga ta kai mita 50. Taura biyu ba ta taunuwa. Yanzu tun daga nesa nake zaɓen guda, in manta da sauran. Da isata wuri nakan taka taki 35 zuwa gaba da gefe biyu in kafa kara, duk wadda ta bi ta bayan karan nan ta tafi lafiya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai nawa idon a sararin sama ƙarya yake mini, kullum yana kusanto da abin da ke nesa. Harsashi na biyu kuma na ajiye shi don tsuntsun da na taɓa bai faɗi ba. A mako na huɗu na yi kwaɗayin biyu a tashi ɗaya, na sami ta farko, na juya wa ta biyu na kuskure, da na waiwayo na rasa inda ta farkon ta faɗa. Rabin awa ina tona ciyawa ban gan ta ba, kuma abin ya tsaya mini a rai har na kwanta. Tun ranar, in tsuntsu ya faɗi ba na ɗauke ido daga wurin. In karya bindiga, in miƙe kai tsaye in ɗauko.

Wurin tsayawa ba shi da wani sirri mai yawa. Kurciya tana da hanyarta tsakanin inda take kwana, inda take cin tsaba da inda take shan ruwa, safe da yamma, kuma tana son busasshiyar bishiya ko wani gibi a jerin itatuwa. Ka ɓata yamma ɗaya kana kallo ba bindiga. Rana a bayanka, inuwa a kanka, kada ka motsa sai ta shigo cikin karanka, don da ta ga motsi take karkacewa. Lasisi, lokacin da aka buɗe farauta, adadin da aka yarda da izinin mai gona, kowa ya bi na inda yake. A yawancin jihohin Amurka, misali, 1 ga Satumba ake buɗewa, tsuntsu 15 a rana, kuma ba a yarda bindiga ta ɗauki fiye da harsashi uku ba, dokar da mai baki biyu bai ma san da ita ba.

Abu ɗaya da ba zan gaji da faɗa ba, musamman ga masu fita da aboki mai geji 20: kada harsasanku su haɗu a aljihu ɗaya. Harsashin 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, ɗaki ya zama kamar babu komai, ka zuba na 12 a bayansa, bututu ya fashe a hannunka. Shi ya sa ake yin na 20 rawaya. Ban da haka, ba na harbin tsuntsun da ke ƙasa-ƙasa. Sai na ga sarari a ƙarƙashinsa.

Inda nake maƙale yanzu shi ne mai gilmawa daga hagu zuwa dama. A cikin tsuntsu 7 na fitar ƙarshe, ɗaya ce kawai ta wannan ɓangaren, alhali na harba wa shida. Ina zargin katakon yana rabuwa da kumatuna in na juya dama, kuma ƙafafuna suna ƙarewa kafin juyin ya ƙare. Wannan makon ba zan je gona ba. Faifan yumɓu 50 zan sa a jefa mini, duka daga hagu, a mita 25, da bututun dama kaɗai. In akwai wanda ya sha wannan matsalar a cikinku, ya gaya mini yadda yake ajiye ƙafarsa ta hagu kafin tsuntsu ya iso.