Na ja wa gidana kebul ɗin intanet saboda tsoron Wi-Fi

Tun bayan babbar sallar bara intanet ɗin gidanmu ta kebul yake tafiya. Kwamfutar da nake yi wa 'yan kasuwa lissafi da ita, talabijin ɗin falo, da tsohuwar kwamfutar da yara ke aikin makaranta a kai, kowacce da igiyarta da ta fito daga bango. Wi-Fi yana nan a jikin rauta, wato akwatin da ke kawo intanet gida ya rarraba shi, amma a kashe yake kwana, kuma ba a kunna shi sai da dalili.

Ciwon kan uwargida ne ya jawo aikin. Ta daɗe tana fama da shi, musamman da asuba, ga barci da ba ya zuwa sai dare ya raba. A lokacin rautar tana ɗakin kwananmu, a kan durowar gefen gado, domin ta tagar nan ce kaɗai sabis ke shigowa da ƙarfi. Ana haka sai wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na dangi, wani mutum da bai faɗi sunansa ko aikinsa ba yana cewa Wi-Fi na busar da ƙwaƙwalwa, yana hana haihuwa, yana sa ciwon daji. Washegari Hajiya mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Wannan akwatin mai ƙyafta ido, ka fitar da shi daga inda mutane ke kwana. Rigakafi ya fi magani." Na ce, "To Hajiya, za a yi in sha Allahu."

Kafin in kashe ko sisi na zauna na bi diddigin maganar, domin ina so in san ko tsoron yana da tushe. Yana da ɗan abin da ya dogara da shi. A watan Mayun 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya igiyoyin rediyo irin na wayar hannu a rukunin da ta kira 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Wannan shi ne abin da masu saƙonnin murya ke kamawa. Abin da ba sa faɗi shi ne rukunin 2B wurin ajiye abin da hujjarsa ba ta yi ƙwari ba ne, an ga alama amma ba a tabbatar ba. Taba sigari da hayaƙin injin dizal suna rukuni na 1, inda babu sauran tantama. Kuma alamar da aka gani a 2011 ta fito ne daga masu manna waya a kunne na tsawon lokaci, ba daga rauta da ke can gefe ba. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin masanan hukumar kula da radiyeshan ta Ostireliya. Sun tattara bincike 63 da aka yi tsakanin 1994 da 2022, ba su samu alaƙa tsakanin wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara 10 ko fiye suna amfani da ita.

Dalilin ma a fili yake in mutum ya duba yadda abin ke aiki. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana da ƙarfin da zai iya taɓa ƙwayar halittar jiki, shi ya sa ake taƙaita shi. Igiyar Wi-Fi, a zangon gigahaz 2.4 ko 5, ba ta da wannan ƙarfin. Iyakar abin da aka tabbatar irinta na yi wa jiki shi ne ɗumama shi in ta yi yawa sosai, rautar gida kuwa galibi abin da take fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba. Duk da haka akwai ƙasashen da suka zaɓi taka-tsantsan. Faransa ta yi doka a 2015 da ta hana Wi-Fi a ɗakunan renon yara 'yan ƙasa da shekara 3, ta ce a firamare a riƙa kashe shi in ba darasi ake yi da shi ba. Ba su ce sun gano cuta ba, sun ce yara ƙanana ne, babu asara in an rage.

Da na gama karatun nan sai na tsaya a kan cewa Wi-Fi ba shi ne ke sa wa matata ciwon kai ba, kuma na gaya mata haka. Amma na ci gaba da shirin jan kebul, saboda abu uku da suka haɗu. Kwanciyar hankalin mahaifiya da na iyali ba ƙaramin abu ba ne a wurina, mutumin da ya kwanta yana zargin abin da ke gefen gadonsa ba zai yi barci mai daɗi ba ko da abin ba ya cutarwa. Sannan gidanmu ginin bulo ne da siminti, kafin sabis ya ratsa bango biyu ya iso inda nake aiki ya galabaita, ina tsakiyar aika wa mutane takardu sai ya yanke. Na uku kuwa yara ne, da na lura suna shiga bargo da waya.

Na tafi titin Beirut inda ake sayar da kayan kwamfuta a nan Kano, tare da wani matashi mai aikin haɗa kyamarorin tsaro da abokina ya haɗa ni da shi. A nan na ga abin da ya fi kowane karatu amfani. Mai shago ya ajiye mana kwali biyu na kebul, duka an rubuta Cat6, wato aji ɗaya ne na kebul ɗin intanet, kowanne mita 305, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Yaron nan bai ce komai ba. Ya yanko ɗan guntu daga kowanne, ya feɗe robar, ya zaro silin waya ɗaya ya kankare shi da reza. Na mai tsadar ja ne har ciki. Na mai arahar kuwa ana kankarewa sai fari ya bayyana, ashe alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ya ce, "Alhaji, wannan zai yi aiki yau, amma in aka lanƙwasa shi sau biyu a kwana sai ya karye a ciki, kuma ba za ka san inda ya karye ba." Na sayi mai jan ƙarfen, a mita, gwargwadon abin da muka auna.

Sauran kayan ba su da yawa: kawunan da ake maƙala wa kebul, waɗanda ake kira RJ45, da ƙaramin akwatin rarraba layi mai ƙofa 8 domin rautarmu ƙofofinta ba za su isa ba, da bututun roba, da soket na bango. Wanda ke da irin ƙaramar rautar aljihu ya sani tun yanzu cewa yawancinsu ba su da ƙofar kebul sam, sai ya sauya ta.

Ranar aikin na tsaya a kansa ina kallo. A cikin kebul akwai siraran wayoyi 8, an murɗa su bibbiyu, kuma murɗin nan shi ke hana hayaniyar lantarki ta ɓata saƙo, don haka ba a warware shi sai daidai bakin kai. Ya jera launukan a kan babban yatsansa, fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, ya datse su daidai wa daida, ya tura cikin kan, ya matse da filaya. Sai ya sa na'urar gwaji a baki biyun, fitilu 8 suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta tsallake, a yanke a sake. Ya ƙi yarda kebul ɗin ya bi bututu ɗaya da wayar wuta, ya kuma nace duk inda zai ratsa cikin silin sai a cikin bututu, saboda ɓeraye. Tsawo bai dame mu ba, ƙa'idar ita ce kada layi ɗaya ya wuce mita 100, namu mafi tsawo ko rabin haka bai kai ba.

Shi ne kuma ya kawo maganar da nake ganin duk mai wannan niyya a ƙasarmu ya kamata ya ji. Yana ɗaura rautar a sabon wurinta, can saman bangon baranda, sai ya ce, "Alhaji, ka san dai wannan layin waya ne a cikinta. Ko ka kashe Wi-Fi, tana nan tana magana da ƙarfen sabis." Gaskiya ne. Masu rubutu a kan wannan batu a Turai da Amurka galibi intanet ɗinsu ta ƙarƙashin ƙasa yake shigo musu gida, in suka kashe Wi-Fi shi ke nan. Mu kuwa yawancinmu ta iska yake zuwa, ta layin MTN ko Airtel ko Glo. Kebul ɗin da na ja daga rauta zuwa ɗakuna ne kawai. Abin da ya rage a hannuna shi ne tazara, kuma tazara tana aiki sosai: in ka ninka nisanka da abin, ƙarfin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kamar zafin garwashi da ke ƙona hannu a kusa amma daga bakin ƙofa ba ka jin sa. Daga gefen gado zuwa baranda ba ƙaramar rata ba ce.

Wayar hannu ita ce babbar maganar. Da zarar an kashe Wi-Fi sai kowa ya kunna datar wayarsa, waya kuwa in tana neman ƙarfen sabis da ke nesa sai ta ƙara ƙarfi, a tsohon tsarin 2G tana iya kai wa wat 2, kuma a jikin kunne take ko ƙarƙashin filo. Wanda ya kashe rauta don tsoro ya rungumi waya ya kwana da ita, an gudu ba a tsira ba ke nan. Akwai adafta da ake soka wa waya a ƙofar caji a haɗa ta da kebul, na sayi ɗaya, tana aiki a kan wayoyin zamani da yawa, amma ba wanda zai zauna ɗaure da bango yana hira da 'yan uwa. Abin da ya yi mana aiki shi ne doka mai sauƙi: bayan sallar isha'i da ɗan lokaci, duk wayoyin gida su hallara a kan teburin falo wurin caji, tawa ce kaɗai ke kusa da ƙofar ɗaki saboda kiran gaggawa. In kira zai yi tsawo, a sa a sifika ko abin kunne.

Ciwon kan uwargida bai tafi ba. Barcinta ya gyaru, na kuma fi danganta hakan da rabuwa da waya da dare, amma kan yana nan. Muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa a ɗaya hannun, ta ce a jira likita. Hawan jini ne, kuma da alama ya daɗe. Yanzu tana kan magani, an rage gishiri da dunƙulen miya a girki, kan ya lafa. Wannan ne wurin da abin ya fi tsaya mini a rai. Hawan jini ya yi yawa a cikinmu, yana kashe mutane shiru ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, kuma awonsa bai fi minti biyu ba. Saƙon murya irin wancan yana iya sa mace ta shekara tana zargin akwatin intanet alhali jininta ne ke hawa. Ba na raina masu cewa suna jin ciwo in suna kusa da Wi-Fi, ciwon nasu na gaske ne. Sai dai an sha gwada irinsu a ɗakin bincike, a kunna na'ura ko a kashe ba tare da sun sani ba, kuma ba sa iya bambancewa. Don haka duk mai irin wannan ciwo ya je a auna jininsa, a duba idonsa, a yi gwajin zazzaɓi, ko zai ja kebul ko ba zai ja ba.

Ta fuskar aiki kuwa ban taɓa jin daɗin intanet kamar yanzu ba. Kebul bai ƙara wa sabis ɗin kamfani gudu ba, in sun yi rauni mun yi rauni, amma yankewar da bango ke jawowa ta ƙare, datar wata kuma tana kai mu ƙarshen wata domin maƙwabta da baƙin yara ba sa hawa. Kwamfutar yara tana falo, fuskarta na kallon kowa. Akwai takura, ba zan ɓoye ba. Baƙi in sun zo sukan nemi lambar sirri, ƙaramar kwamfutar hannu ta 'yar autarmu ba ta da ƙofar kebul, don haka da yamma nakan shiga shafin rautar, ta adireshin da ke rubuce a takardar ƙarƙashinta, in kunna Wi-Fi na ɗan lokaci. Da damina kuma in hadari ya haɗu nakan zare kebul daga kwamfuta da talabijin, saboda tsawa tana iya bin jan ƙarfe ta ƙona duk abin da ke haɗe da shi. Akwatin rarrabawar ma yana buƙatar wuta, sai da na haɗa shi da rautar a kan layin inbata.

Kwanakin baya aka fara maganar kafa ƙarfen sabis a wani fili bayan layinmu, wasu maƙwabta suka zo da takarda a sa hannu a hana, ganin cewa ni ne mutumin da ya kashe Wi-Fi a gidansa. Na ce musu ku yi haƙuri, a kan igiyar rediyo ba zan sa hannu ba, domin ƙarfen in ya matso kusa wayoyin da ke aljihunmu ne za su rage ƙarfin da suke fitarwa. Amma in za a rubuta a kan janaretan dizal da zai riƙa kwana yana aiki a gindinsa, da hayaƙinsa da ƙararsa da inda baƙin mai zai malala, a kawo biro. An sake rubuta takardar a kan haka, muka sa hannu, mai unguwa ya karɓa zai kai gaba.