Maganin rigakafin zazzaɓin damina: ƙwayar gobe da jibi ce ke da wuya

Da zarar damina ta kankama, a watan Yuli galibi, za ka ga masu raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bibbiyu suna shiga gida-gida da jaka da kati da alli. Shirin ya samo asali ne daga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012 domin yankin Sahel, inda yawancin zazzaɓin cizon sauro ke taruwa cikin 'yan watannin ruwa. A Najeriya an fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013. Yaran da ake nufi su ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, kuma lafiyayyu ake ba, domin kariya.

Kowane yaro fakiti ɗaya ne nasa, mai ƙwaya huɗu: guda ta maganin maleriya da ake kira SP (sulfadoxine-pyrimethamine), uku na wani mai suna amodiyakwin. Fakitin iri biyu ne. Ɗan wata 3 zuwa 11 yana karɓar ƙarami, SP mai miligiram 250, ɗan wata 12 zuwa 59 kuma babba, mai 500. Ranar farko ana narkar da SP da amodiyakwin ɗaya a ɗan ruwa mai tsabta, yaro ya sha a gaban mai rabo. Idan ya yi amai ko ya tofar cikin minti 30, a bari ya huta a sake ba shi, sau ɗaya kawai.

Kafin nan akwai tambayoyin da bai kamata a tsallake ba, ko da rana ta yi zafi gidaje sun yi yawa. Jikinsa da zafi? A tura shi asibiti a gwada jini, in maleriya ce a yi mata maganinta. Yana shan Septrin, ko ya taɓa samun ƙuraje da kumburi bayan shan irinsa? Ba a ba shi, don danginsu ɗaya da SP. Haka wanda ya sha SP ko amodiyakwin cikin kwana 28 da suka wuce.

Sauran ƙwaya biyun a hannun uwa ake barinsu, ɗaya gobe ɗaya jibi, kuma a nan aikin ya fi lalacewa. Wata ta ga yaronta garau, sai ta adana su a kwalla har ranar da zazzaɓi zai zo. Wata ta raba wa yayansa ɗan shekara bakwai, don ba ta iya kallon ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Tausayi ne, amma ƙaramin bai cika adadinsa ba, babban kuma abin da ya sha bai kai nauyin jikinsa ba. Amodiyakwin sai ya cika kwana uku kafin ya share ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, kuma shan rabi-rabi na ba su damar sabawa da magani. Shi ya sa mai rabon da ya miƙa fakiti daga zaure ya wuce bai yi aiki ba. Ya nuna wa uwa ƙwayar da yatsa, ta maimaita masa da bakinta, a nuna mata inda za ta sa alama a kati. Inda aka sa dattijuwar unguwa ta zaga rana ta biyu da ta uku tana tuni, mantuwa na raguwa.

Sai lokaci. Ƙarfin maganin kusan mako huɗu yake yi, don haka zagaye na gaba ya zo bayan kwana 28, sau huɗu a damina, wasu wuraren biyar. Idan kaya suka makara ko ruwa ya yanke hanya aka ƙara mako biyu, yaran na zaune ba kariya a daidai Agusta da Satumba. Gidan da aka tarar an tafi gona, a sa masa alamar alli a dawo da yamma. Gidan sauro kuma yana nan daram kowane dare, domin ƙwayar ba ta hana cizo.