Gilaisin 57, alanin 71: yadda nake karanta gutsattsarin feftayid

A aikinmu na auna nauyin ƙwayoyin sinadari, sai mun fasa abu kafin mu san shi. Yawanci ba ma saka wa na'ura furotin ɗungurungum. Tirifsin, wani sinadari mai yanka furotin, muke fara sa masa, ya yanka shi bayan kowane laisin ko ajinin, biyu daga cikin amino asid ɗin da ake jerawa a gina furotin, mu samu gajerun guntaye da ake kira feftayid. Sai a ɗora musu caji, a ware ɗaya, a tura shi cikin iskar naitirojin ko agon ya yi ta karo har ya karye.

Ka ɗauka feftayid carbi ne, kowane ɗa amino asid ne mai nasa nauyin. Galibi igiyar tana tsinkewa ne a mahaɗar amino asid biyu. In cajin ya zauna a guntun kai, sunansa b. In ya bi na wutsiya, sunansa y. Roepstorff da Fohlman suka tsara waɗannan sunaye a 1984, Biemann ya yi musu kwaskwarima daga baya. Guntun da bai samu caji ba kuwa, na'ura ba ta ma san da shi ba.

Na'urar tana nuna kowane guntu mai caji a matsayin layi gwargwadon nauyinsa, karatun kuma duk a tazarar da ke tsakanin layukan yake. Tazarar 57 gilaisin ce, 71 alanin. Ni kullum daga ƙasa nake farawa, ina neman 147 ko 175, wato y na farko, laisin ko ajinin ɗin da ke ƙarshen wutsiya. Da na gan shi hankalina ya kwanta, na kama bakin zaren. In kuma wani layi ya yi tsiri ya danne sauran, amino asid ɗin furolin nake fara zargi, don feftayid na son karyewa dab da shi ta ɓangaren kai.

Inda nake sa-in-sa da manhaja shi ne 113. Lusin da aisolusin nauyinsu ɗaya ne cif, b da y ba sa raba su. Amma sai ka ga manhaja ta rubuta ɗaya ba ko shakka, alhali daga rumbun bayanai ta ɗauko, ba daga awo ba. Ɗalibi ya kwafe ya zuba a rahoto.

Fosfet, wanda kan maƙale a jikin wasu amino asid, shi ma yana da nasa halin: karo kaɗan ya sulale, ya bar maka ragin 98 ba tare da ya nuna inda ya zauna ba. Shi ya sa a irin wannan nake komawa fasawa da lantaron, dabarar da ɗakin binciken Donald Hunt na Jami'ar Bajiniya ya fito da ita a 2004. Ita guntayen c da z take bayarwa maimakon b da y, fosfet kuma ya tsaya a gurbinsa.