Sikeli ba ya faɗa maka halin da gwiwarka ke ciki

Abin da ke ba ni haushi idan ana zancen ƙiba da ciwon gwiwa shi ne kowa magana ɗaya ce a bakinsa, rage ƙiba, rage ƙiba, kamar lambar da sikeli ya nuna ita ce komai. Mutum biyu za su hau sikeli kowa ya nuna kilo 95, tsawonsu ma ɗaya, amma ɗaya ya miƙe daga kujera ko dafa wani abu bai yi ba, ɗayan kuwa sai ya dafa hannun kujera da hannu biyu, ya ɗan yi gaba ya yi baya, ya cije leɓe, ya miƙe ya tsaya jim kafin ƙafar ta yarda ta ɗauke shi. Sau da yawa bambancin yana cikin kilon nan ne, nawa ne kitse nawa ne tsoka.

Ita BMI ɗin da ake lissafawa a asibiti, wadda daga 30 zuwa sama ake cewa mutum yana da ƙiba, nauyi da tsawo kawai ta sani, ba ruwanta da wane ne kitse wane ne tsoka. Shi ya sa masu bincike suke amfani da na'urar DXA mai ɗaukar hoton jiki ta ware kitse da tsoka da ƙashi, ko sikelin nan mai tura ɗan lantarki a jiki, kai ko tef ɗin awo ka zagaya kugu da shi ya fi ba ka labarin kitsen tumbi.

Shi kitse ta hanya biyu yake cutar da gaɓa. Akwai nauyi, an auna an ga duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kusan kilo 4 ne ke sauka daga kan gwiwa a kowane taku, to ka lissafa taku nawa mutum ke yi a yini. Sai kuma wadda mutane ba su cika sani ba, kitse ba zaman banza yake yi a jiki ba, yana fitar da sinadarai irin su leptin masu rura kumburi, shi ya sa amosanin gaɓɓai yake yawan kama masu ƙiba har a yatsun hannu, alhali hannu ba ya ɗaukar nauyin kowa.

Tsoka kuwa, musamman ta gaban cinya, ita ce ke tare wa guringuntsi duka. Nan ne tarkon yake, gwiwa na ciwo sai mutum ya daina motsi, tsokar ta zube, kitse ya cike gurbin, sikeli bai canza ba amma ƙafar ta ƙara rauni, saukowa daga bene ya koma a karkace taki ɗaya-ɗaya ana riƙe da ƙarfe, barci ya lalace saboda duk juyi ciwo, fita ta ragu, mutum ya fara ƙin zuwa wurare don kada a ga yadda yake tashi. Haka ciwon ke rage wa mutum ingancin rayuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutane kusan miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai, yawancinsu mata.

Wani gwaji da aka yi a Amurka mai suna IDEA, wanda aka buga a 2013, ya bi mutum 454 masu nauyi da ciwon gwiwa na wata 18. Waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki su suka fi samun sauƙin ciwo da iya zirga-zirga, sun fi masu motsa jiki zalla, kuma sun rage wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu.

Yanzu ga alluran rage ƙiba irin su semaglutide sun shigo, kuma gaskiya suna aiki, wani gwaji da aka buga a 2024 ya nuna ciwon gwiwa ya ragu sosai. Damuwata dai ita ce abin da ke zubewa ba kitse kaɗai ba ne, har da tsoka. Don haka ko da allura ko da rage ci ake yi, ni a ganina dole a haɗa da atisayen ƙarfafa cinya, ko da tashi-zauna ne daga kujera sau 10, ko keke ko iyo, a kuma tabbatar ana cin isasshen furotin, likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi da atisayen gaɓɓai, ya tsara yadda za a fara ba tare da an tayar da ciwon ba.