Gyaran layi da yawa a bugu ɗaya

Masu aiki da VS Code, manhajar rubutu da gyaran code a kwamfuta, don Allah ku gwada wannan.

Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙauyenmu, nan gefen Auyo, ya ba ni jerin lambobin wayar mambobi: a cire sifirin farko, a sa +234. Layi ba iyaka, ga batirin sola yana ja baya tun la'asar.

Na buɗe jerin a VS Code, na ajiye alamar rubutu a farkon layin sama, na riƙe Ctrl da Alt, na yi ta danna kibiyar ƙasa. Kowane layi ya samu tasa alamar, duk suna ƙiftawa tare. Delete ɗaya, sifirai suka tafi. Na buga +234, ya fito a ko'ina, kamar 'yan gayya sun sauke fartanya lokaci guda. Wallahi har na kira ƙanena ya zo ya gani.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ctrl+D. Ka zaɓi kalma, kowane dannawa ya kamo ta gaba mai irinta, kana gani da idonka kafin ka canza. Ctrl+Shift+L kuwa duka yake kwasowa, shi ya sa nake taka-tsantsan da shi a kan sunayen mutane.

In ka gama, Esc zai mayar da kai alama ɗaya. Duk wannan ba ya buƙatar data.