Haruffa biyu da suka cinye mini wata takwas

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje. Shekara uku na yi ina bin diddigin tambaya guda: ko bambancin da ake gada a ƙwayoyin halittar da ke sa cutar kansa ta bijire wa magani yana da hannu a wanda zai kamu da kansar maƙoshi, da kuma tsawon kwanan wanda ya riga ya kamu.

Akasarin aikina a kan wata ƙwayar halitta mai suna ABCB1 ne. Ita ke samar da furotin ɗin nan da Juliano da Ling suka gano a 1976, mai aiki kamar famfo: magani na shiga ƙwayar kansa, shi kuma yana watso shi waje. Gurbin da kowa ke magana a kai a cikin ABCB1 shi ne C3435T, inda harafin DNA yake zama C a wasu mutane, T a wasu. A mujallu C da T ake rubutawa, amma na'ura ta ba ni A da G, domin DNA igiya biyu ce, kuma daga ɗayar igiyar take karantawa. Wato A tana matsayin T, G kuma tana matsayin C. Ni kuwa da dare ya yi, ido ya yi nauyi, sai na jera su yadda suka zo, na ba A matsayin C. Shi ke nan, komai ya kifa.

Sakamakon ya fito tsaf, har da ban sha'awa. Farfesan da ke duba aikina ya karɓi takardun, ya leƙa jadawalin ƙarshe kawai, ya ce, “Madalla, wannan sai taro.” Wata takwas muna gini a kai. Wata ma'aikaciyar ɗakin ce, wadda ba a ma sa sunanta a takarda, ta tsaya a bayana tana kallon kwamfuta ta ce, “Ɗan'uwa, anya ba ka juya su ba?” Na ji gumi ya karyo mini tun kafin in buɗe fayil ɗin.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda Farfesa ya tsaya gaban kowa ya ce shi tun farko bai gamsu da alƙaluman ba. Sa hannunsa na nan a kowane shafi. Na dai ce, “Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe,” na haɗiye sauran.

Da na sake lissafin, sai wata ɓarakar ta bayyana. Yawancin majinyatanmu maganin kansa mai suna cisplatin aka ba su, shi kuwa wannan famfon bai dame shi ba. Magunguna irin su paclitaxel yake fitarwa. Ashe ko da ban juya haruffan ba, tambayar ce a karkace. Wata ƙwayar halittar, ERCC1, mai gyara ɓarnar da cisplatin ke yi wa DNA, ita ta fi cancanta mu duba.

Sauran darussan gajeru ne. In ka gwada gurbi ashirin, kada ka yi mamaki ɗaya ya haska bisa katari. Kada ka cakuɗa nau'o'in kansa daban-daban a tukunya ɗaya. Taba da giya, da matakin da ciwon ya kai ranar da aka gano shi, duk sun fi harafi guda nauyi.

Kundina ya fita da sakamakon cewa ba mu ga wata alaƙa ba. Babu taron da aka kai shi. A shafin godiya sunan ma'aikaciyar nan na fara sawa, na Farfesa yana layi na huɗu.